Cire Tambarin Mota: Ado, Tsoron Ɓarawo Ko Algus?

Gabatarwa

Kowace mota tana barin masana'anta da sunanta a goshi da ƙeya. A goshi akwai alamar kamfanin da ya ƙera ta, a ƙeya kuma, wato jikin but, akwai 'yan haruffa da lambobi masu ƙyalli da ke faɗin samfurinta da ƙarfin injinta da matsayinta a cikin 'yan uwanta. Amma duk wanda ya lura da motocin da ke kai da kawowa tsakanin unguwarmu ta Kolere da babbar kasuwar Mubi zai ga cewa da yawansu ƙeyarsu a share take. Na wasu gargadar hanya ce ta zubar, na wasu an yi awon gaba da su, wasu kuwa masu motar ne suka cire da hannunsu. Wannan maƙala za ta duba yadda ake wannan aiki da dalilan yin sa, sannan ta nuna wa 'yan uwana ɗaliban harshe cewa sunan da ke liƙe a jikin mota shi ne mafi rauni a cikin sunayenta.

Me za mu kira abin?

Kafin a cire abu ya kamata a san sunansa. A gareji za ka ji an ce bajo, wato kalmar aro da muka sani a jikin rigar ɗan sanda da ta ɗan makaranta. A rediyo da jarida an fi jin tambari. Wasu kuma su ce alama ko shaida. Ni dai a ganina tambari ya fi dacewa da alamar kamfani, domin tambari a asalinsa gangar sarauta ce, wadda da an ji amonta an san mai ita ba tare da an ambaci sunansa ba. Haka zakin Peugeot yake, haka tauraron Mercedes. Ƙananan haruffan ƙeya kuwa, irin su LE da XLE da V6, bajo ya fi kama da su, tun da muƙami suke nunawa kamar igiyar kafaɗar soja.

Waɗannan tambura ba jiya aka fara su ba. Zakin Peugeot an yi masa rajista a 1858, lokacin da gidan ke ƙera zarto da sauran kayan ƙarfe, tun ba a san mota ba. Tauraron Mercedes mai tsini 3 an yi masa rajista a 1909, kuma tsinin nan suna nufin injinan tudu da na ruwa da na sama. Zobba 4 na Audi suna tuna haɗewar kamfanoni 4 ne a 1932. Ke nan wanda ya ɗauki sukundireba zai ɓalle tambari, tarihi ne mai tsawo yake shirin jefawa cikin kwalabati.

Yadda ake cirewa

Hanya biyu masana'anta ke bi wajen kafa tambari. A tsofaffin motoci, irin su 504 da kamfanin PAN na Kaduna ya riƙa haɗawa bayan buɗe shi a 1975, tambari yakan zo da 'yan ƙafafu a bayansa waɗanda ke shiga ƙananan huji a jikin ƙarfe. In aka cire irin wannan, hujin na nan, kuma in ba a kai wa mai gyaran jiki ya cike ya fesa fenti ba, ruwan damina zai shiga, tsatsa ta fara cin ƙarfen daga ciki. A motocin baya-bayan nan kuwa, mafi yawan haruffan da gam mai fuska biyu aka manna su. Wannan shi ne mai sauƙi.

Da farko ana wanke wurin, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta zana fenti. Sai a ɗumama gam ɗin ya yi laushi, ko da ruwan zafi ko da na'urar busar da gashi. Mu a Mubi, a watan Maris da Afrilu, rana ta ɗauke mana wannan wahala: a ajiye mota a fili daga hantsi zuwa azahar, shi ke nan. Daga nan sai a zura zaren lilo, irin na kamun kifi, ta bayan harafin, a riƙa ja hagu da dama kamar mai yanka da zarto har ya rabu da jikin motar. Ragowar gam a murje shi da babban yatsa, abin da ya ƙi fita a jiƙa tsumma da ɗan kananzir a goge, sannan a wanke da sabulu. Wuƙa da sukundireba ba su da wuri a wannan aiki, tina kuwa fentin kansa take narkarwa.

Akwai abin da masu wanke mota ba su cika faɗa wa mai mota ba sai bayan aiki ya ƙare. Fentin da ke ƙarƙashin harafi bai taɓa ganin rana ba, na kewayensa kuwa ya sha ta shekara da shekaru ya koɗe. Saboda haka bayan an cire, sai inuwar sunan ta fito raɗau, har yaro ɗan firamare ya iya karantawa. A mota mai jan fenti ko baƙi abin ya fi muni. Folish yana rage shi, amma ba kullum yake kashe shi ba. Haka kuma a wasu sababbin motoci akwai na'urar hango abin da ke gaba a ɓoye a bayan tambarin goshi, don haka taɓa shi yana iya rikita birkin da ke kama kansa.

Bari in ɗan ratse, tun da mujallar ɗaliban harshe ce. Mai karatu ya lura da aikatau ɗin da wannan aiki ke jawowa: cire, ɓalle, ɓamɓare, kankare, ɗaye, goge. Dukansu da wasalin e suka ƙare, wato 'yan rukuni na 4 ne a cikin rukunan aikatau 7 da Parsons ya tsara a 1960, rukunin da ke nuna an yi aiki gaba ɗaya, ba a bar saura ba. Amma ba ma'anarsu ɗaya ba. Abin da ke maƙale da ƙafa shi ake ɓallewa, abin da ya manne da ƙarfi a ɓamɓare shi, mai laushi kamar sitika a ɗaye shi, ragowar kuma a kankare. Wanda ya ciro kuwa, da wasalin o na rukuni na 6, ya taho da abin ne wajenmu, kuma sau da yawa shi ne wanda za ka tarar yana sayar da shi a bakin tasha.

Me ya sa ake cirewa?

Dalili na farko ado ne, kuma ba ni da dogon zance a kansa. Wasu sun fi son ƙeyar mota sumul, ba wurin da ƙura za ta maƙale. A Amurka, tun shekarun 1940 da 1950 matasa masu gyaran mota suke wannan. A Jamus ma kamfanoni irin su Mercedes da BMW sukan ba mai sayen sabuwar mota zaɓin a kawo masa ita ba bajon samfuri. Mai babban inji ya ɓoye don kada a sa masa ido, mai ƙaramin inji ya ɓoye don kada a raina shi.

Na biyu tsoron ɓarawo. Tauraron da ke tsaye a goshin Marsandi ya daɗe yana jan hannun yara, shi ya sa wasu ke cire shi su ajiye a gida. Wannan ba halin ƙasarmu kaɗai ba ne. A 1987 an yi ta ɓalle tamburan Volkswagen a Birtaniya, saboda wani mawaƙin ƙungiyar Beastie Boys ya rataya ɗaya a wuya kamar sarƙa, matasa suka ɗauka.

Na uku shi ne wanda ya sa na ɗauki alƙalami, wato algus. A nan ba cirewa kawai ake yi ba, musanyawa ake yi. Bajon da bai kai kuɗin buhun masara ba yana iya ƙara wa mota farashi mai yawa a idon wanda bai sani ba. A cire LE a liƙa XLE. A liƙa V6 a bayan mota mai silinda 4. A cire tambarin Toyota Harrier a sa na Lexus, tun da a tsofaffin samfura jikinsu ɗaya da RX. Wasu ma sukan canza fitilu da bamba, tsohuwa ta koma yarinya.

Wani kawuna, mai harkar shanu a kasuwar Mubi, ya taɓa sayen Camry a hannun wani dillali a kan cewa 'yar 2010 ce, kuma ta sama ce a cikin danginta. Bajon ƙeya ya nuna haka, fitilun ma sun nuna haka. Sai da ya kai ta gareji wata huɗu bayan nan, bakanike ya leƙa gilashin gaba ya ce, "Alhaji, wannan ai 'yar 2007 ce." Da aka koma wa dillali sai ya ce shi ma haka ya saya. An yi zaman sulhu har sau biyu, abin da aka dawo masa da shi bai kai rabin abin da aka ɗora masa ba.

Abin da bakaniken ya karanta shi ne lambar casis, kuma ya kamata kowane mai karatu ya iya karanta ta, domin ba ta fi auna waƙa wuya ba. Tun 1981 aka daidaita ta a kan gurabe 17 na haruffa da lambobi, kuma ba a sa I da O da Q a ciki don kada a rikita su da 1 da 0. Ana samun ta a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofa, da kuma takardun mota. Gurbin farko yana faɗin ƙasar da aka ƙera ta: J Japan ce, W Jamus, 2 Kanada, 1 da 4 da 5 kuma Amurka. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, waɗanda su ne da yawa daga cikin na hannu da ake shigo mana da su, gurbi na 10 shekarar samfuri ce. Y tana nufin 2000, daga 1 zuwa 9 suna nufin 2001 zuwa 2009, sai A ta zama 2010, B 2011, haka har gaba. A motar kawu 7 ce zaune a gurbin, inda ya kamata a ga A. Hukumar kwastan ma a 2022 ta koma amfani da wannan lamba wajen ƙiyasta kuɗin fiton motoci. Cire bajo ba ya canza komai a takarda, amma kankare lambar casis ko sake buga ta aikin ɓarayin mota ne, kuma duk motar da aka ga alamar walda ko sabon fenti a kewayen lambarta, gara a bar wa mai ita kayarsa.

Tambarin da baki ke liƙawa

Akwai wani cire tambari da ba ya bukatar zare ko ruwan zafi, kuma Hausawa sun daɗe da ƙwarewa a kansa. Bafaranshe ya rubuta Peugeot, Bahaushe ya ce Fijo, domin p ba ta da gurbin kanta a tsarin sautin Hausa. Mercedes ta zama Marsandi. Land Rover ta zama Landiroba: v ta koma b, aka kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe. Vespa ta zama Besfa, ta sha gyara biyu a kalma ɗaya.

A nan mu 'yan Mubi muna da abin da za mu ƙara wa littattafan aji. Ni da Fulfulde na buɗi baki, kuma Fulfulde tana da p, haka ma da yawa daga harsunan da ke kewaye da mu. Don haka a Kolere Pijo za ka ji, a tsakiyar zancen Hausa, ba wanda zai ɗaga kai. Haka nan jinsi: Bakano zai ce Fijo ta lalace, motarsa ta tsufa, a tasharmu kuwa sai ka ji Pijo ya lalace, motan shi ya tsufa. Wanda ke neman batun kundin digiri, ga shi nan a tasha yana jira, bai kuma bukatar kuɗin mota mai yawa.

Wani lokaci kuma baki ba gyara sunan yake yi ba, jefar da shi yake yi ɗungurum ya raɗa sabo. Akori-kura da gingimari da kiya-kiya ba kamfanin da ya san da su. Babur mai ƙafa uku, Bajaj ne ko TVS, a Kano A Daidaita Sahu ne, sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, a wajenmu kuma Keke Napep ne, daga shirin yaƙi da talauci na gwamnatin Obasanjo na 2001. Shirye-shiryen biyu sun shuɗe, sunayen suna nan suna ɗaukar fasinja. Mota ta hannu kuwa an daɗe ana ce mata 'yar Kwatano, har bayan da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu a farkon 2017. Samari kuma suna da nasu na Ingilishi, inda Honda Accord ta 2003 ta zama End of Discussion, Camry ta 2007 ta zama Muscle. Je ka kasuwar kayan gyara ka faɗi lambobin da ke ƙeyar motarka, mai shago zai tsaya yana kallonka. Faɗi laƙabin, kafin ka rufe baki ya miƙo maka fitila.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Starlet, 'yar ƙaramar Toyota da ke dakon kaya tsakanin Mubi da ƙauyukan kan iyaka ta wajen Sahuda. An ɗaga ƙafafunta, an cire kujerun baya, an yi mata fenti ya fi sau uku, tambari kuwa ko inuwarsa babu, amma daga nesa yaro zai ce ga Starlet nan. Toyota ta daina ƙera ta tun 1999. A 2020 kamfanin ya dawo da sunan a kasuwannin Afirka, sai dai motar da ya liƙa wa shi Suzuki Baleno ce da ake ƙerawa a Indiya, aka cire tambarin Suzuki tun a masana'anta aka sa na Toyota. Na nuna wa wani direban hanyar Sahuda hotonta a waya, na ce masa ga sabuwar Starlet. Ya duba tambarin, ya duba tazarar cikinta da ƙasa, ya miƙo mini wayar ya ce, "Wannan buhu nawa zai ɗauka?"