3.4 Samuwar Rata Tsakanin Dasasshen Haƙori da Haƙorin Asali

Kafin a shiga bayani, ya kamata a bambanta ratar da ake nufi a nan da wasu abubuwa biyu da Bahaushe ya sani. Giɓi shi ne gurbin haƙorin da ya fita, wushirya kuwa halitta ce. Ita wannan rata 'yar kafa ce da ke buɗewa tsakanin hular da aka ɗora a kan dashe da haƙorin da ke maƙwabtaka da ita, alhali ranar da aka sa hular manne suke da juna.

Tushen matsalar shi ne bambancin yadda kowannensu ya zauna a muƙamuƙi. Haƙorin asali ba a haɗe yake da ƙashi kai tsaye ba. Akwai wani tantani mai zaruruwa, mai kaurin kimanin milimita 0.2, da ya kewaye saiwarsa. Wannan tantani ne ke ba haƙori damar ɗan motsawa lokacin tauna, kuma da taimakonsa ƙashi ke zaizayewa ta wani gefen yana ginuwa ta ɗayan, har haƙori ya sauya mazauni. Dashe ba shi da wannan tantani, domin ƙarfen titaniyom haɗewa yake yi da ƙashi. Per-Ingvar Branemark na ƙasar Suwidin ya lura da haka a jikin zomaye a shekarar 1952, sannan ya yi wa mutum dashen farko a 1965. Ke nan abin da ya ba dashe ƙarko, shi ne kuma ya hana shi motsi.

Haƙoran asali kuwa suna matsawa sannu a hankali zuwa gaban baki tsawon rayuwar mutum, saboda ƙarfin tauna yana tura su gaba, kuma gefensu yana cinyewa wajen gugar juna. Misali, idan aka maye turmin farko na ƙasa da dashe, haƙorin da ke gabansa zai ci gaba da tafiya ya bar shi, na bayansa kuma ya matso ya jingina da shi. Wannan ne dalilin da ya sa aka fi samun ratar ta gefen gaba. A wani nazari da Greenstein da abokan aikinsa suka buga a mujallar Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka a 2016, an nuna cewa ratar tana samuwa a kashi 34 zuwa 66 cikin ɗari na irin waɗannan wurare, wani lokaci wata uku kacal bayan kammala aiki. Idan aka yi la'akari da waɗannan alƙaluma, kuskure ne a riƙa ɗora laifin kowace rata a kan likitan da ya yi dashen.

Abin da majiyyaci kan fara kuka da shi, shi ne maƙalewar abinci, musamman nama, har ya zama ba ya rabuwa da tsinken sakace. Likita yakan tabbatar da ratar ta hanyar zura zaren sakace. Idan ya wuce ba tare da tirjiya ba, to wurin ya buɗe. Barin abinci a nan yana jawo kumburin dasashi da ruɓewar haƙorin asali, wani sa'in har da zaizayar ƙashin da ke riƙe da dashen.

Dangane da gyara, sauƙinsa ya danganta ne da yadda aka kafa hular tun farko. Wadda aka ɗaure da noti ana iya kwance ta, a ƙara mata tangaran ta gefen da ya buɗe, a mayar. Wadda aka liƙa da siminti kuwa sau da yawa sai an fasa ta an ƙera sabuwa, wanda ƙarin kuɗi ne ga majiyyaci. Haka kuma ana iya yi wa haƙorin asali ciko a gefensa. Tun da haƙora ba su daina matsawa, ratar kan sake dawowa, don haka wasu likitoci kan ba majiyyaci robar da zai riƙa sawa a haƙoransa da dare domin ta riƙe su a mazauninsu.