WannaCry: Yadda Facin Da Ba A Saka Ba Ya Durƙusar Da Asibitocin Ingila

Ranar Juma'a 12 ga Mayu, 2017, ma'aikatan asibitoci da dama a Ingila suna tsakiyar aiki sai wani jan allo ya ɓullo a fuskar kwamfutocinsu. Saƙon da ke kansa ya ce an kulle duk bayanan da ke cikin na'urar, wanda ke son su dawo ya biya dala 300 da kuɗin Bitcoin. In kwana uku suka wuce kuɗin ya ninka, in mako ya cika a yi sallama da bayanan. Ga agogo nan a gefe yana ƙirga lokacin da ya rage. Likita ya nemi tarihin majinyaci babu, ya nemi sakamakon gwajin jini babu. Aka koma takarda da biro, wasu asibitocin suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri.

Kafin ƙarshen mako hukumar 'yan sandan Turai, Europol, ta ce abin ya taɓa kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe 150. Ya shiga kamfanin sadarwa na Telefónica a Sifen, ya tsayar da aiki a wasu masana'antun motoci na Renault, har allunan da ke nuna lokacin jirgin ƙasa a tashoshin Jamus sai da suka nuna jan saƙon. Sunan wannan muguwar manhaja WannaCry. Na zaɓi in warware labarinta ne domin duk wanda ya fahimci yadda ta yi aiki ya fahimci fiye da rabin abin da ake nufi da tsaron kwamfuta.

Abu biyu aka haɗa wuri guda. Na farko shi ne garkuwa da bayanai, wanda ba sabon abu ba ne ko a lokacin. Manhajar tana bin fayil ɗaya bayan ɗaya, hotuna da takardu da lissafin kuɗi, tana cuɗa abin da ke ciki da wani lissafi har ya zama tarkacen da ba ya karantuwa. Fayil ɗin yana nan, bai je ko'ina ba, amma buɗe shi sai da makulli. Dabarar kamar ta kwaɗo ce: kowa na iya danna shi ya rufe ba tare da makulli ba, amma buɗewa sai mai makullin. Manhajar tana zuwa da kwaɗon, makullin kuma yana hannun maharan can inda suke. Shi ya sa ko ƙwararren mai gyara ya goge cutar daga na'ura, bayanan suna nan a kulle. Gwada makullai ɗaya bayan ɗaya har a dace kuwa, lissafin ya fi ƙarfin kowace kwamfuta da ake da ita.

Abu na biyu shi ne ya sa WannaCry ta fita daban. Yawancin irin waɗannan manhajoji sai mutum ya yi kuskure suke shiga: ya buɗe wani saƙon imel na yaudara, ko ya sauke wani abu daga shafin da bai sani ba. Ita wannan ba ta jiran kowa. Kwamfutocin Windows suna da wani tsari da ake kira SMB, wanda ke ba na'urorin ofis ɗaya damar musayar fayiloli da amfani da firinta guda. Tsarin yana sauraron saƙonni ta ƙofa mai lamba 445. A tsohon samfurinsa akwai kuskuren rubutu: idan aka aiko masa da saƙon da aka tsara ta wata siga ta musamman, sai ya rikice wajen ajiye saƙon a ƙwaƙwalwar na'ura, har umarnin baƙo ya samu wurin zama ya fara aiki da cikakken iko. Ba a tambayar kalmar sirri, ba a jiran wani ya danna komai. Da zarar kwamfuta ɗaya ta kamu, sai ta shiga laluben maƙwabtanta a ofis, tana kuma ƙwanƙwasa adireshi barkatai a intanet ko za ta dace da ƙofar da ke buɗe. Asibitin da ke da ɗaruruwan na'urori a kan layi ɗaya, cikin ɗan lokaci ake gamawa da shi.

To wa ya gano wannan ɓaraka? A nan labarin ya fi ɓata mini rai. Makamin da ke amfani da ita, mai suna EternalBlue, ya fito ne daga hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA. Jaridun Amurka sun ruwaito cewa hukumar ta yi shekaru tana sane da ɓarakar, ta yi shiru domin ta riƙa shiga kwamfutocin waɗanda take bibiya. Sai aka sace mata kayan aikin. Wani gungu da ke kiran kansa Shadow Brokers ya watsa su a intanet ranar 14 ga Afrilu, 2017, kowa ya ɗauka kyauta. Shugaban Microsoft Brad Smith ya kwatanta abin da a ce an sace wa sojojin Amurka makamai masu linzami. Ina ganin yana da gaskiya. Gwamnatin da ta gano rauni a manhajar da asibitoci da bankuna suka dogara da ita, ta ɓoye don amfanin kanta, tana caca ne da rayukan mutanen da ba su san ana yi ba.

Sai dai laifin bai tsaya nan ba. Tun ranar 14 ga Maris, wata guda kafin a watsa makamin, Microsoft ya fitar da facin da ke toshe ɓarakar. Wato ranar da WannaCry ta ɓarke, maganinta ya yi kusan wata biyu yana jiran a saka shi, kuma kyauta ne. Duk kwamfutar da aka sabunta a wannan tsakanin, cutar ta ƙwanƙwasa ta wuce. An yi ta ɗora laifi kan tsohuwar Windows XP, har Microsoft ya fitar mata da faci na gaggawa duk da ya daina kula da ita tun 2014, amma bincike ya nuna mafi yawan na'urorin da suka kamu Windows 7 ce a kansu, wadda facinta ke nan a ajiye.

Binciken ofishin mai binciken kuɗi na Birtaniya ya nuna kimanin kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin Ingila sun taɓu, an kuma soke ganin likita da tiyata kusan 19,000. Ma'aikatar lafiya daga baya ta ƙiyasta asarar a fam miliyan 92. An gargaɗi asibitocin tun Maris da Afrilu su saka facin. Ba zan ce duk sakaci ne ba, domin kwamfutar da ke tafiyar da na'urar ɗaukar hoton ciki ba a kashe ta yadda aka ga dama, wani lokacin ma sabuntawa kan hana tsohuwar manhajar asibiti aiki. Uzuri ne na gaske, amma cutar ba ta sauraron uzuri.

Yadda aka tsayar da ita ma abin nazari ne. Wani matashi ɗan Birtaniya mai shekara 22, Marcus Hutchins, yana bincikar manhajar sai ya lura kafin ta fara ɓarna takan nemi wani dogon adireshin intanet mara ma'ana, wanda ba mai shi. Ya saye adireshin a kan kuɗin da bai kai dala 11 ba, da niyyar ya riƙa ƙirga na'urorin da suka kamu. Ashe an rubuta ta ne a kan cewa in adireshin ya amsa, ta dakata. Daga yammacin ranar yaɗuwar ta karye. Waɗanda aka riga aka kulle wa bayanai kam hakan bai amfane su ba, kuma biyan fansar bai da tabbas: asusu uku kacal maharan suka tanada, ba su da ingantacciyar hanyar gane wanda ya biya. Abin da suka tara gaba ɗaya bai wuce dala 150,000 ba. A Disambar 2017 Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin harin kan Koriya ta Arewa, ita kuma ta musanta.

Abin da ya sa nake ganin labarin ya shafe mu shi ne ɗabi'ar da na sha gani a shagunan buga takardu da ƙananan ofisoshi. Ana ɗora Windows ta bayan fage, abu na farko da mai gyara ke yi shi ne ya kashe sabuntawa, don kada ta ci data ko ta gane ba ta asali ba ce. Na san data tana da tsada. Amma na'urar da aka yi wa haka, kowace ɓaraka da aka gano bayan ranar tana nan a buɗe, ga kuma sakamakon ɗalibai ko lissafin shekara a ciki, ba kwafi a ko'ina. Haka wayar da ake ta danna mata "anjima" duk lokacin da ta nemi a sabunta ta.

Faci kaɗai ma ba ya wadatarwa, kuma ba a daɗe ba aka ga haka. Ranar 27 ga Yuni, 2017, wata manhajar mai suna NotPetya ta ɓarke daga Yukiren. Ta shiga ne ta sabuntawar wata manhajar lissafin haraji da maharan suka gurɓata, sannan ta yaɗu da EternalBlue ɗin nan da kuma kalmomin sirrin da take sata daga na'urorin da ta kama. Ita ba ta ma da makullin mayarwa, ɓarna ce zalla. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya rasa dubban kwamfutoci a lokaci guda, har da uwayen na'urorin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin shigarsu, domin dukkansu a haɗe suke suna kwafar juna. Mujallar Wired ta ruwaito cewa guda ɗaya tak ta tsira, a ofishin kamfanin da ke Ghana, saboda an ɗauke wuta kafin harin ya iso, na'urar ta fita daga layi. Aka ɗauko ma'ajiyar bayananta a jirgin sama zuwa Najeriya, daga nan wani ma'aikacin ya karɓa ya wuce da ita Landan, da ita aka fara sake gina tsarin kamfanin.