Wa Za Ka Ba Amanar Bishiyar Gidanka? Gaskiya da Ƙarya a Zantukan Masu Sara

Da zarar bazara ta kama, hadari ya fara haɗowa daga gabas, hankalin masu gida yakan koma kan darbejiyar ƙofar gida da mangwaron tsakar gida. Iskar farkon damina ce ke yaye kwano, ta karya rassa, ta kayar da katanga. A lokacin ne kuma masu gatari da masu injin yankan katako ke bin unguwanni suna sallama, kowa da shawarar da yake bayarwa. Bishiyar da ta shekara talatin tana yi wa gida inuwa ana iya nakasa ta kafin azahar, reshen da aka sare kuwa ba ya komawa. Shi ya sa ya kamata maigida ya san maganganun da ke da tushe da waɗanda ba su da shi, domin da su zai auna mutumin da ke tsaye a gabansa.

"Duk mai inji ya iya aikin"

Ƙarya ce. Kayar da bishiya a daji don a fasa katako sana'a ce daban, rage rassa a saman rufin mutane ma sana'a ce daban. A daji gungume ya faɗi inda ya ga dama. A gida kuwa akwai kwano, da tankin ruwa, da katangar maƙwabci, da yara. A Amurka da Ingila akwai jarrabawa da takardar shaida ga masu wannan aiki, kuma ana neman su nuna inshora kafin a ba su kwangila. A garuruwanmu abin da ke tsaya wa takarda shi ne aikin da mutum ya riga ya yi. Ka ce ya faɗa maka gida biyu ko uku da ya yi wa aiki bara, ka je ka ga bishiyoyin da idonka, ka tambayi masu gidan yadda suka rabu. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

"A aske kanta gaba ɗaya don kada iska ta kayar da ita"

Wannan ce shawarar da ta fi yawo, kuma ita ce ta fi ɓarna. Gaskiya ne darbejiya tana da juriya: ka sare ta, ta sake tofowa. Juriyar ce ma ta sa ta bazu a ƙasar nan tun da aka kawo ta lardin Borno a 1928, bayan an fito da ita daga Indiya. Amma tohon da ke fitowa a bakin sara ba daga zuciyar icen yake tasowa ba, a jikin sashen waje yake manne. Yana girma da sauri, ya yi tsawo, ya yi nauyi, alhali ruɓa na cin babban raunin da yake tsaye a kai. Bayan 'yan shekaru sai a wayi gari da rassan da suka fi na farko saurin ɓallewa.

Manomin da ke datse darbejiyar gefen gona don makamashi yana komawa a kai a kai ya sare tohon tun bai yi kauri ba. Wannan tsari ne mai kyau a gona. Maigidan da ya aske tasa sau ɗaya ya manta da ita bai bi wannan tsarin ba. Ƙa'idar da masu sana'ar suka daɗe suna bi ita ce kada a cire fiye da kashi 25 cikin 100 na rassa masu ganye a shekara guda, tsohuwar bishiya kuma ƙasa da haka.

"A shafa baƙin mai ko fenti a wurin saran don ya warke"

Ba haka ba ne. Alex Shigo, masanin da ya yi aiki da hukumar gandun daji ta Amurka, ya tsaga dubban bishiyoyi yana bin sawun ruɓa a cikinsu, kuma bayanin da ya fitar a 1977 ya sauya yadda ake wannan sana'a. Abin da ya nuna shi ne bishiya ba ta sabunta icen da ya lalace. Killace shi take yi daga ciki, sannan sabon ice ya rufe bakin raunin daga gefe. Fenti da kwalta ba sa hana ruɓa, suna ma iya riƙe danshi. Baƙin mai kuwa yana ƙona sashen da zai yi rufin. Cusa siminti a kogo shi ma ba ya ƙara wa bishiya ƙarfi.

Abin da ke taimaka mata shi ne inda aka yanka. Ka duba gindin kowane reshe, za ka ga ɗan kumburi a inda ya haɗu da uwar bishiya. Gwani ba ya taɓa wannan kumburi, kuma ba ya barin dogon guntu. Babban reshe sau uku yake yanka shi: ya fara ɗan tsaga shi ta ƙasa, nesa kaɗan da jiki, ya yanke ta sama gaba da wurin, reshen ya sauka bai ɗaye ɓawo ba, sannan ya cire guntun a daidai bakin kumburin. Idan ka ga ɓawo ya yage ya bi jikin bishiya kamu biyu ko uku, ka san ba gwani ne ya hau ba.

"Saiwa ce ke tsaga gini, a datse ta kawai"

Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Saiwoyi suna ɗaga daɓe da katanga marar zurfin harsashi, suna shiga bututu ko masai da ya riga ya tsage. A ƙasa mai laka sukan tsotse danshi har ƙasar ta motsa a ƙarƙashin gini. Amma tsagewar bango na iya zuwa daga raunin harsashi ko ruwan da ke kwanciya, don haka a kira magini ya duba tukuna. Sannan mafi yawan saiwoyi ba sa wuce zurfin santimita 60, a kwance suke bazuwa har su zarce inda inuwa ta tsaya. Su ne ke riƙe da bishiya. Wanda ya sare manyansu ta gefe ɗaya kusa da gindi ya shirya mata faɗuwa da hannunsa.

"Ganyenta shar, lafiyarta lau" da "tana da kogo, sai sara"

Duka biyun ba hukunci ba ne. Ruwa da abinci suna bi ne ta sashen waje na icen, saboda haka bishiya na iya yin ganye shar alhali cikinta ya ruɓe. Wata kuma tana da kogo, amma icen da ya kewaye shi yana da kauri, ta shekara da shekaru a tsaye. Alamomin da ke buƙatar gaggawa su ne ƙasa ta tasa ko ta tsage a gindi, bishiya ta karkata ba da jimawa ba, laimar kwaɗi ta fito a jikinta ko a gindinta, tsaga ta buɗe a inda manyan rassa suka rabu, ko busassun rassa suna lilo a saman inda ake zama. Mutumin kirki zai zagaya bishiyar, ya ƙwanƙwasa ta, ya duba gara, ya nuna maka abin da ya gani. Wanda ya yanke hukunci daga bakin ƙofa, ka sallame shi.

"Zan yi maka kyauta, ka bar mini icen"

Wannan ciniki ne, ba kyauta ba. Wanda ladansa ice ne, ribarsa tana ƙaruwa da kowane reshe da ya sauke, to ta yaya zai ce maka a bar wani? Ba kowane mai wannan tayi ne macuci ba, amma tsarin biyan yana ja da maslaharka. Ku yi jinga a kan aikin da aka ayyana, cinikin icen kuma a yi shi daban. Araha ba ta ado.

"Gidana ne, bishiyata ce, ba ruwan kowa"

Ba ko'ina ba. A Legas sai da izinin hukumar LASPARK ake sare bishiya. A Nijar dokar gandun daji ta kare wasu itatuwa, ciki har da gawo. Bishiyar bakin titi kuwa sau da yawa ta hukuma ce ko da a ƙofarka take. Tambaya a ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma ta fi biyan tara sauƙi. Idan rassa sun tsallaka gidan maƙwabci, a sanar da shi kafin a fara.

"Kucaka ce wayar wutar, zan kauce mata"

A nan rai ne a tsakani. Wutar lantarki tana bi ta ɗanyen ice, kuma wutar babban layi tana iya tsallakowa ba tare da an taɓa wayar ba. Ɗaukewar wuta ba kariya ba ce, ana iya maido ta kowane lokaci. A je ofishin kamfanin rarraba wuta na yankin, KEDCO ne ko Kaduna Electric ko NIGELEC, su kashe layin tukuna. Duk wanda ya ce ba sai an yi haka ba, kada ka bar shi ya hau.

Ranar aiki

Ku zagaya tare, a yi wa rassan da za a cire alama. A gaban shaida, ko a rubuce, a fayyace kuɗin, da wanda zai kwashe shara, da wanda zai biya idan aka fasa kwano ko katanga. Kafin alƙalami ya zama kaɗan, cikon sai an gama. Ka tabbata ya zo da igiyar ɗaure kansa, da ta sauke rassa, da mataimaki a ƙasa. A fitar da yara da dabbobi daga wurin, kai kuma ka tsaya har a kammala.

Babbar alamar mai amana ita ce ya iya ce maka, "Alhaji, wannan reshen a bar shi," ko da hakan zai rage masa kuɗi. Idan ka samu irinsa, ka riƙe shi, ka riƙa kiransa yana duba bishiyoyinka kowace shekara kafin ruwa ya sauka, musamman ƙananan, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.