KIRAN SALLA SHI NE AGOGON BARCIN YARO

Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 yana bukatar abu uku kafin ya girma da lafiya: abinci, tsabta da barci. Iyaye a Gatawa da ƙauyukan Sabon Birni da Isa sun san darajar abinci, sun san amfanin wanka. Barci ne ba a cika kula da shi ba. Akan bar yaro ya yi ta wasa har barci ya sace shi a ƙofar ɗaki ko a gindin turmi. Yau ya kwanta da Magariba, gobe sai dare ya raba. Gaskiya ne barci ɓarawo ne, amma bai kamata a bar yaro sai ɓarawon ya zo ba. Gara a sa masa lokaci, dare da rana, a riƙe lokacin kullum.

AMFANIN BARCI

Likitoci sun gano cewa jikin yaro ya fi fitar da sinadarin girma a lokacin da yake barci mai nauyi. A cikin barci ne kuma ƙwaƙwalwa take adana abin da ya koya da rana, kamar sababbin kalmomi da sunayen mutanen gida. Barci yana ƙara wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta.

Yaron da barci bai ishe shi ba yakan zama mai rigima. Yakan yi kuka ba dalili, ya ƙi abinci, ya riƙa faɗuwa idan yana tafiya. Wani ma sai ya ƙara ƙiriniya, ya kasa zama wuri ɗaya. Akan ce yaron fitinanne ne, har a kai ga duka. Alhali kuwa gajiya ce kawai take damunsa.

AWA NAWA YA KAMATA?

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a kan barcin ƙananan yara. Ga abin da ta ce, idan an haɗa barcin dare da na rana:

Jariri ɗan wata 4 zuwa 11: awa 12 zuwa 16.
Yaro ɗan shekara 1 zuwa 2: awa 11 zuwa 14.
Yaro ɗan shekara 3 zuwa 4: awa 10 zuwa 13.

Hukumar ta ƙara da cewa lokacin kwanciya da na tashi su zama iri ɗaya kullum. Yara sun bambanta, wani ya fi wani barci. Idan yaro yana tashi da fara'a, yana ci, yana wasa, to barcinsa ya ishe shi.

AGOGON DA KOWA YAKE DA SHI

Ba kowane gida ne yake da agogo ba. Amma babu unguwar da ba a jin ladan sau biyar a rana. Kiran salla ya isa ya zama agogon uwa. Ga yadda za a yi wa yaro ɗan shekara 2:

Bayan Asuba, da gari ya waye, yaro ya tashi. A fito da shi ya ga hasken rana, a ba shi koko ko kunu.

Da rana ta take, kafin kiran Azahar, a ba shi abinci a kwantar da shi.

Kafin kiran La'asar ya zamana ya tashi.

Da Magariba a shigo da shi gida, a yi masa wanka, ya ci tuwo.

Da an idar da Lisha ya zamana yana kwance.

Daga ƙarfe 8 na dare zuwa ƙarfe 6 na safe awa 10 ke nan. Idan aka haɗa da awa 2 na rana, ya zama awa 12. Lissafi ya fita daidai.

Jikin mutum yana sabo da lokaci. Idan an daure an bi wannan tsari na mako ɗaya ko biyu, za a ga yaro da kansa yana hamma idan lokaci ya yi. Ranar kasuwa, ranar suna ko biki, tsari yakan ɓaci. Ba komai. Washegari a koma kansa. A watan azumi ma kada a tashi ƙaramin yaro don ana sahur, a rage hayaniya kusa da shi.

BARCIN RANA

Yaro ɗan shekara 1 yakan yi barcin rana sau biyu, da hantsi da kuma bayan Azahar. Idan ya kai wajen shekara ɗaya da rabi, yakan koma sau ɗaya. Alamar haka ita ce ya fara ƙin barcin hantsi. Sai a jinkirta shi kaɗan-kaɗan har ya koma tsakar rana. Tsakanin shekara 3 da 5 yawancin yara sukan daina barcin rana. Duk da haka a sa su su kwanta su huta. Ƙailula aba ce da Musulmi suka sani tun da daɗewa, manya ma suna yin ta.

Awa 1 zuwa 2 ya isa. Barcin bayan La'asar shi ne mai ɓata dare. Yaron da ya yi barci da yamma, idonsa biyu har tsakar dare, uwa kuma ga aiki yana jiranta da Asuba. Idan barci ya kwashe shi da yamma, a tashe shi a hankali, a wanke masa fuska, a fita da shi tsakar gida.

Alamun barci su ne hamma, murza ido, jan kunne da liƙe wa uwa. Da an ga haka a kwantar da shi. Idan aka jinkirta har gajiya ta yi yawa, barcin yakan ƙi zuwa, sai kuka.

SHIRIN KWANCIYA

Yaro yana son abin da ya saba da shi. A riƙa yin abu iri ɗaya kowane dare, ɗaya bayan ɗaya: wanka, abinci, fitsari, sannan shimfiɗa. Uwa ko kaka ta yi masa waƙar reno ko 'yar gajeriyar tatsuniya, a tofa masa addu'a, a rage fitila.

Yunwa tana tashin yaro cikin dare, musamman da damina kafin sabon gero ya shigo. A tabbata ya ci ya ƙoshi. Idan tuwo ya yi masa nauyi, a dama masa kunun gyaɗa ko fura da ruwa mai tsabta. Kada a ba shi shayi, ko goro, ko baƙin lemon kwalba da yamma. Duk suna da sinadarin da yake kore barci.

A ɗauke masa waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 1 bai kamata ya zauna kallon waya ko talabijin ba sam, ɗan shekara 2 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Hasken waya da ƙararta suna hana barci zuwa.

Kada a tsorata yaro da Dodo ko kura don ya yi shiru. Zai yi shiru, amma da tsoro zai kwana, ya riƙa firgita. Duka ma ba ya kawo barci.

GIDAN SAURO

Ƙasar Gobir tana da fadamu a bakin Gulbin Rima, da damina kuma tafkuna sukan cika. Nan ne sauro yake hayayyafa. Sauron da yake kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi cizo daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a Afirka, cikin mutum 4 da wannan cuta take kashewa, wajen 3 yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Ga wani babban amfanin kwanciya da wuri. Yaron da ya shiga gidan sauro da Lisha ya tsira daga cizon dare. Wanda yake yawo a tsakar gida har ƙarfe 11 kuwa, sauro ya riga ya gama da shi kafin ya shiga. Dattawa sun saba cewa a shigo da yara gida da Magariba. Maganarsu ta yi daidai da ta likita.

Sabon gidan sauro mai magani, a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a fara amfani da shi. A cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa. Idan ya yage a ɗinke. Idan an wanke a shanya a inuwa. Kada a mai da shi shingen lambu ko komar kamun kifi.

Da damina ma'aikatan lafiya sukan bi gida-gida a Jihar Sakkwato suna ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓi, wata-wata. Ana shan sa kwana 3 a jere. A karɓa, a kuma cika kwanakin. Amma maganin ba ya maye gurbin gidan sauro.

BAZARA, DAMINA DA HUNTURU

Da bazara zafi yakan kori mutane waje. A ɗaura wa yaro gidan sauro a tsakar gida, a share wurin saboda kunama. A ba shi ruwa kafin ya kwanta. Barcin rana kuma a rumfa ko inuwa mai iska.

Da damina uwa takan tafi gona da goyo. Barcin goyo ma barci ne. Idan za a sauke shi, a shimfiɗa zane a inuwar itace inda ido yake kaiwa, nesa da rijiya da tafki. A duba wurin saboda maciji.

Da hunturu a sa masa riga mai kauri da hula. Kada a kwana da kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta wari, ba a kuma ganinta. Tana kashe mutane cikin barci, yara ne kuma take fara kamawa. A nisanta fitila da wuta daga gidan sauro.

LOKACIN YAYE

Yawanci ana yaye yaro yana gab da shekara 2, akan kuma kai shi wurin kaka. A dare ɗaya ya rasa nono, ya rasa uwa, ya rasa shimfiɗar da ya sani. Dole barcinsa ya rikice. Zai fi sauƙi idan an rage nonon dare kaɗan-kaɗan tun kafin ranar yaye. A gaya wa kaka lokacin da ya saba kwanciya, a haɗa shi da zanen goyonsa da gidan sauronsa.

IDAN AN KWANA CIKIN TSORO

Mutanen wannan yanki sun ga tashin hankali. A 2019 dubban mutane daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa yankin Maraɗi saboda 'yan bindiga. A watan Agusta na 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Gidaje da yawa sun san kwanan daji da kwanan gidan dangi.

Ƙaramin yaro bai san me ake ciki ba, amma yana jin tsoron da yake jikin uwarsa. Yakan farka da ihu, ko ya koma fitsarin kwance. Ba laifinsa ba ne, kada a dake shi. A rungume shi, a yi masa magana a hankali. Manya su guji ba da labarin hari a gabansa. Ko a ina aka sauka, a riƙe abin da ya saba: waƙarsa, addu'arsa, zanensa da lokacinsa. Waɗannan ba su da nauyin ɗauka, suna kuma kwantar wa yaro da hankali.

KADA A BA YARO MAGANI DON YA YI BARCI

Wasu sukan sayi maganin tari ko na mura wurin 'yan talla su ba yaro don ya yi shiru. Wannan ganganci ne. Irin waɗannan magunguna suna iya danne numfashin ƙaramin yaro. A 2008 wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka samu guba a cikinsa, ya jawo mutuwar yara fiye da 80 a Nijeriya. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. A 2022 yara kusan 70 suka mutu a ƙasar Gambiya bayan sun sha gurɓataccen ruwan maganin tari. Jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba su ma a guje su. Magani sai wanda ma'aikacin lafiya ya rubuta.

BARCIN DA BA NA LAFIYA BA

Uwar da ta san lokacin barcin ɗanta ita ce mai saurin gane ciwo. Idan yaron da ya saba tashi da sassafe ya kai hantsi yana kwance, a taɓa jikinsa. A garzaya asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Sabon Birni ko na Isa, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ana tashinsa ba ya tashi, ko jikinsa ya saki.
Zazzaɓi mai zafi, ko jijjiga.
Ya kasa shan nono ko ruwa.
Yana aman duk abin da ya ci.
Wuyansa ya sanƙare, musamman da bazara, lokacin sanƙarau.
Numfashi da sauri, ko haƙarƙari yana lotsawa.

Kada a ce bari ya tashi tukuna. Kada a jira gari ya waye idan akwai halin tafiya. Yaron da yake yawan sosa dubura da dare kuwa, mai yiwuwa tsutsar ciki ce, a kai shi a duba.

AIKIN KOWA DA KOWA

Wannan aiki ba na uwa ba ne ita kaɗai. Maigida ya samo gidan sauro, ya rage ƙarar rediyo bayan Lisha. Yayye su kai wasansu nesa da ɗaki. A gidan da yake da mata fiye da ɗaya, a haɗa kai a kwantar da ƙananan yara lokaci guda, don wani ba ya yarda ya kwanta yana jin ɗan'uwansa yana wasa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya raya yara, Ya ba ƙasa zaman lafiya, amin.