Yadda Kamfanin Fiton Kaya Ya Girma Har Ya Riƙe Hanya

'Yan uwa fatake, da dillalai, da masu masauki, da yaranmu masu rakiyar shanu a tirela da tarago.

Da yawa daga cikinku sun lura cewa sunan Bolloré, wanda muka daɗe muna gani a jikin manyan motoci da mangaza daga Ngaundere har Yamai, ya ɓace, an maye shi da haruffa uku: AGL. Wasu na tambayarmu ko kamfanin karyewa ya yi. Bai karye ba, sayar da shi aka yi, kuma da tsadar gaske. Mun ga ya kamata mu yi bayanin yadda ya girma har ya kai wannan daraja, domin wasu hanyoyin da shanunmu ke bi suna hannunsa, kuma a labarinsa akwai abin koyi, akwai na gudu.

Mene ne aikin kamfanin fito?

Kamfanin fito, wato waɗanda a bakin duwan muke ce wa 'yan taransit, ba ya saye ba ya sayarwa. Kayan wani yake karɓa, ya cike takardun duwan, ya nemo jirgi ko mota, ya ajiye a mangaza idan da bukata, ya danƙa wa mai shi a inda aka yi alkawari, sannan ya ɗauki la'adarsa. In kun duba, aikin maigida ne a kara. Baƙo ya sauka da garkensa, maigida ya san dillali, ya san wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba, ya san ƙofar hukuma. Ba shi da ko ɗan maraƙi a garken, amma ciniki ba ya faɗawa sai da shi. Bambancin kawai, maigidan da muke magana a kansa bai tsaya ga la'ada ba.

Daga takarda zuwa teku

Asalin gidan Bolloré masana'antar takarda ce a yankin Biritaniya ta ƙasar Faransa, tun 1822, kuma an fi saninsu da siririyar takardar naɗa taba. A 1981 Vincent Bolloré ya karɓi ragamar gidan yana gab da durƙushewa. Da ya farfaɗo da shi, a 1986 ya sayi SCAC, tsohon kamfanin fito mai rassa a tashoshin ruwan Afirka. Nan ya sa ƙafa a harkar.

A 1991 ya mallaki Delmas-Vieljeux, kamfanin jiragen ruwa masu zirga-zirga tsakanin Turai da gaɓar Afirka. Aka haɗa shi da SCAC aka samu SDV, sunan da tsofaffinmu za su tuna. A 1997 kuma ya riƙe Saga, wanda shi ne babban abokin hamayyarsa a aikin fito. Ka ga ke nan, mai cike takarda ya zama mai jirgi, sannan ya saye maƙwabcin rumfarsa.

Daga nan sai layin dogo. A 1995 gwamnatocin Kodebuwa da Burkina Faso suka ba da hayar layin Abijan zuwa Wagadugu, mai tsawon sama da kilomita 1,100, ga kamfanin Sitarail, wanda Saga ke cikin jagororinsa. A 1999 Kamaru ta ba da nata layin, daga Duwala zuwa Yawunde zuwa Ngaundere, aka kafa Camrail, kuma rukunin Bolloré na cikin manyan masu hannun jari. Waɗannan layuka biyu mun san su farin sani. Shanun Adamawa da na Cadi an sha loda su a tarago a Ngaundere su gangara kilomita 622 zuwa Yawunde, ragunan layya na Sahel kuwa sun sha shiga Abijan a jirgin Sitarail.

Mataki na ƙarshe shi ne tashar ruwan kanta. A shekarun 2000 gwamnatoci suka fara ba 'yan kasuwa hayar wuraren sauke kwantena. Bolloré ya samu na Abijan a 2004, na Tinkan a Legas a 2006, na Kwatano a 2009, na Konakiri a 2011, ban da Tema da Lome da Duwala. Abin lura, a 2006 ya sayar da jiragen Delmas ga kamfanin CMA CGM. Ya gane cewa jirage suna da yawa, kowa na iya sayen nasa, amma bakin gaɓar da za su tsaya kaɗan ne a kowane gari. A 2008 aka tara duk harkokin Afirka ƙarƙashin suna ɗaya, Bolloré Africa Logistics.

Lokacin da aka zo sayarwa, kamfanin na da ma'aikata sama da 20,000 a ƙasashen Afirka sama da 40, da tashoshin kwantena 16, da layukan dogo 3. A watan Disamba 2022 kamfanin MSC na iyalan Aponte, mai hedkwata a Janeba, ya saye shi a kan darajar Yuro miliyar 5 da miliyan 700, wato kimanin miliyar 3,700 na sefa. Shi MSC da jirgi ɗaya ya fara a 1970, a farkon 2022 kuwa ya zama na ɗaya a duniya wajen jigilar kwantena. A watan Maris 2023 aka sauya suna zuwa Africa Global Logistics, AGL ke nan.

Ina sirrin yake?

Sirrin bai wuce wannan ba: duk inda kaya ke tsayawa a biya kuɗi, nan ya je ya zauna. Kwantena ɗaya da ta taso daga Turai za ta Injamena, za a biya kuɗin saukewa a tasha, da na takarda, da na mangaza, da na tarago, da na motar da za ta ƙarasa da ita daga Ngaundere. Idan duk waɗannan aljihu ɗaya suke shiga, ko an rage farashi a wuri ɗaya za a cike a wani. Ƙaramin ɗan taransit mai ofis guda ba zai iya wannan ba.

Na biyu, bai dogara da hanya ɗaya ba. Da aka rufe iyakar Benin da Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, kayan da suka saba bin Kwatano zuwa Gaya da yawa sun koma Lome, suna ratsa Burkina. Direbobi da ƙananan 'yan fito na Malanbil da Gaya sun ji jiki, mu ma mun ji. Amma mai wurin sauke kaya a Kwatano da Lome duka biyu, in ƙofa ɗaya ta rufe yana tsaye a bakin ɗayar.

Inda aka yi tuntuɓe

Kada wani ya ɗauka duk abin da ya taɓa ya zama alheri. A 2014 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, aka yi bikin buɗewa a Janairu 2016. Niyya ita ce a sada shi da tsohon layin Kwatano zuwa Paraku. Sai ga wani attajirin Benin, Samuel Dossou, ya kai ƙara cewa shi aka fara ba aikin, kotun ƙasarsa kuma ta ba shi gaskiya. Aiki ya tsaya, layin bai kai ko iyaka ba, kuma bai ɗauki kayan kasuwa ba, balle shanu. An kashe dukiya kafin a warware maganar takarda.

Na biyu ya fi ciwo. Ranar 21 ga Oktoba 2016 ruwa ya yanke hanyar mota tsakanin Yawunde da Duwala, jama'a suka yi ca a tashar jirgi, aka ƙara tarago 8 a jirgin Camrail. Ya kife a Eseka, mutum 79 suka rasu bisa ƙidayar gwamnati. Binciken hukuma ya ambaci gudu fiye da ƙima, da lodi fiye da ƙima, da matsalar birki, kuma a 2018 kotu ta sami kamfanin da laifi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. A ƙarshen 2019 tashar kwantena ta Duwala ta fita daga hannunsa, a 2021 kuma uwar kamfanin ta yarda ta biya tarar Yuro miliyan 12 a Faransa kan zargin cin hanci da ya shafi harkokinta a Togo.

Mu kuma fa?

Mu fatake, in Allah Ya buɗa wa ɗayanmu, abin da ya sani shi ne ya ƙara kawuna. Mai loda tirela ɗaya ya koma biyu. Amma ku zauna da alƙalami ku lissafa tafiya guda daga Damagaram ko Marwa zuwa kasuwar kudu: kuɗin mota, kuɗin 'yan kamasho, takardar malamin dabbobi, duwan, shingayen hanya, ciyawa da ruwa, kwanakin jira a kara, ga ramar da sa ke yi in tafiya ta yi tsawo, ga wanda ya faɗi a mota aka yanka aka sayar a wulaƙance. Za ku tarar ribar da muke nema a kara, a hanya take zubewa. Ƙarin kawuna ba ya toshe wannan, sai ma ya faɗaɗa shi.

Ba mu ce mu sayi tashar jirgin ruwa ba. Amma kowane mataki da kamfanin nan ya taka yana da ɗan ƙaraminsa daidai ƙarfinmu. Shi da takarda ya fara, to mu ma reshe zai iya ɗaukar mutum ɗaya mai ilmi, amintacce, wanda aikinsa kawai ya kammala takardun kowa kafin mota ta iso iyaka, maimakon dabbobi su kwana a tsaye cikin rana. Fatake goma in suka haɗa baki suka yi ciniki da mai motoci na tsawon kaka guda, farashin da za a yanka masu daban yake da na wanda ya zo shi kaɗai ana saura mako ɗaya Sallah. Fili mai shinge da rijiya kusa da iyaka, inda za a sauke dabbobi su sha su huta, shi ne tamu mangazar. Kuma kowa ya riƙe maigida a kasuwa fiye da ɗaya, a ƙasa fiye da ɗaya, don mun ga yadda iyaka ke rufuwa dare ɗaya.

Tuntuɓen ma namu ne mu kiyaye. Kada reshe ya zuba kuɗin jama'a a gini ko rijiya sai takardar filin ta fito da hatimin hukuma, Doso ta ishe mu wa'azi. Kada kuma tsadar kasuwa ta sa mu cusa shanu a tirela fiye da abin da za ta ɗauka, ga yaranmu zaune a saman katako. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Sannan mu sani, idan hanya ta taru a hannu ɗaya, mai ita ne ke faɗin farashi. Falke ɗaya ba shi da bakin magana a gaban kamfani irin wannan, ko a gaban ƙungiyar masu motoci. Ƙungiya mai rajista, wadda ta san adadin kawunan da take lodawa a shekara, ita ake ba kujera. Don haka muna roƙon shugabannin rassa su riƙa rubuta lodin kowace ranar kasuwa da abin da aka kashe a hanya, su aiko wa sakatariya.

Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a dukiya, Ya mai da kowa gida lafiya. Amin.