Mugun Zato: Mai Yin Sa Yake Fara Ci

Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a Sakkwato a 1817, ƙanensa Malam Abdullahi yana zaune a Boɗinga. Masana tarihi sun ruwaito cewa da ya iso sai ya tarar an rufe ƙofar gari, an kuma riga an yi wa ɗan Shehu, Muhammadu Bello, mubaya'a. Ya juya, daga baya ya tare a Gwandu. An ɗauki 'yan shekaru ana 'yar tsama tsakanin baffa da ɗan wansa, har zuwa yaƙin Kalambaina, inda Bello ya kawo masa ɗauki. A nan suka haɗu ido da ido, Abdullahi ya yi masa mubaya'a, magana ta mutu. In har manyan malamai irin waɗannan sun ɗanɗani ɗacin saɓani, ina ga ni da kai?

Mu namu ba ya ma buƙatar rufe ƙofar gari. Ka gai da maƙwabcinka ranar kasuwa bai amsa ba. Kafin ka iso gida ka gama yanke masa hukunci: girman kai ne, ya samu kuɗin albasa ya fara raina mutane. Watakila kuwa ɗansa ne ke kwance ba lafiya, bai ma ji ka ba. Masanin halayyar ɗan Adam Lee Ross na Jami'ar Stanford ya yi bayanin wannan tun 1977: in wani ya yi kuskure mukan ce halinsa ne, mu manta da yanayin da yake ciki. In kuma mu ne muka yi, nan da nan uzuri ya samu.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, jiki na biyan kuɗin wannan hukunci. A 2001 Charlotte Witvliet da abokan aikinta a Kwalejin Hope da ke Amurka sun tara ɗalibai 71, suka sa kowa ya tuno wanda ya taɓa ɓata masa rai. Duk sa'ad da aka ce su riƙe abin a rai, sai bugun zuciyarsu ya ƙaru, jini ya hau, gumi ya tsatso, goshi ya tamuke. Da aka ce su kalli mai laifin da idon tausayi da yafiya, alamun suka yi sauƙi. Ba kowa a gabansu. Tunani ne kawai.

Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa ba ta cika bambanta barazanar da ke gabanta da wadda aka saƙa a zuci ba. Da zarar ka raya cewa wane na neman ganin bayanka, sai jiki ya saki sinadaran shirin faɗa ko gudu, irin su adirenalin da kotizol. Ga wanda ya yi kiciɓis da maciji a gona wannan rahama ce, minti kaɗan ya wuce. Amma matar da ta kwana tana saƙa da warwara a kan dariyar da kishiyarta ta yi da la'asar, nata jikin ba ya samun wannan hutu. Barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, kai ya yi nauyi. Kishiyar kuwa ta yi barcinta har da minshari.

Likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck na Jami'ar Pennsylvania ya gina hanyar magani a kan haka tun shekarun 1960. Ana koya wa mutum ya tsayar da tunaninsa ya tuhume shi: mece ce hujjata? Ba wata fassarar? Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Shehu. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya ji tafsirin aya ta 12 ta Suratul Hujurat, wadda ta haɗa yawan zato da bin diddigi da giba ta hana su. Sai dai mun fi jin sa a matsayin zunubi da za a tarar a lahira, alhali tun a duniya yake fara karɓar rabonsa.

Mutanen garin Shagari sun ga wani misali na rashin riƙe abu a rai a gida. An hamɓarar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ranar 31 ga Disamba, 1983, aka tsare shi har 1986. Daga baya an sha ganin Shagari, Turakin Sakkwato, a taron Majalisar Ƙoli ta Ƙasa, zaune da waɗanda suka kifar da shi. Ya rasu ranar 28 ga Disamba, 2018, yana da shekara 93, aka yi masa sutura a garinsu.

Kada a ce ina kira a saki jiki da kowa. A wannan zamani da 'yan bindiga da masu kai musu rahoto suka addabi sassan jihar Sakkwato, taka-tsantsan wajibi ne. Amma taka-tsantsan yana da hujja, yana sa ka ɗauki mataki ka wuce. Mugun zato ba ya sa a yi komai sai juyi a kan tabarma. Kuma na lura yawancinsa ba a kan ɓarayin daji yake sauka ba. A kan 'yan uba, abokan kasuwa da surukai yake ƙarewa, mutanen da taku ashirin ya isa ka je ka tambaye su.

Akwai kuma matakin da nasiha ba ta isa. In mutum ya kai ga ganin kowa maƙiyinsa ne, yana ƙin cin abincin gida don tsoron an zuba masa sammu, ko yana jin muryoyi na zaginsa, wannan ciwo ne, kuma yana da magani. Dangi su daina ɗaure shi a ɗaki ko ɓoye shi don gudun surutun mutane. A kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, likita ya duba shi.