Gurgu Ya Biya Kuɗin Kallo: Tanadin Naƙasassu a Babban Gidan Wasa na Landan

Ya kai mai karatu, ka ƙaddara wani gurgu ne a birnin Landan ya ji labarin mawaƙin da yake so zai yi wasa ran kaza. Ya tara kuɗinsa, ya sayi tikiti kamar kowa, ya hau kekensa ya tafi. Masu tsaron ƙofa suka karɓe shi da fara'a, aka kai shi wurin zama. Can da mawaƙi ya fito, makaɗa suka saki kiɗa, sai jama'a duka suka miƙe tsaye don murna, ba wanda ya koma ya zauna har aka tashi. To, bawan Allahn nan sa'a biyu cur bai ga kome ba sai ƙeyar mutane da bayan rigunansu. Shiga kam ya shiga, ba wanda ya hana shi. Amma ya yi kallo? A kan wannan tambaya ne mutanen Ingila suka daɗe suna ja-in-ja da masu gidajen wasa, kuma daga cikinta ne tanadin da za mu ba da labarinsa ya fito.

Kafin mu ci gaba, mun sani mutanen yanzu sun fi son a ce masu buƙata ta musamman, kuma suna da gaskiyarsu. Mu dai a nan za mu kira gurgu da makaho da kurma da sunayensu, ba don raini ba, sai don bukatar kowannensu daban take, in aka haɗa su cikin suna ɗaya magana ba ta fita sosai.

Gidan da muka ɗauka misali shi ne wanda ake kira O2, a unguwar Girinic, bakin kogin Temis. Asalinsa wani ƙaton tanti ne fari, faɗinsa mita 365, an rataye shi da dirkoki 12 masu ruwan ɗorawa, watau kwanakin shekara da watanninta. Gwamnatin Ingila ta gina shi don bikin shiga shekarar 2000. Da biki ya wuce ya zauna shekaru kusan ba amfani, sa'an nan aka gina zauren kallo a cikinsa mai cin mutum 20,000, aka buɗe a watan Yuni 2007. Sunansa ba baƙo ba ne ga matasan ƙasarmu, gama a nan Anthony Joshua ya ci kambin damben duniya a 2016, Davido ya cika shi a 2019, Wizkid kuma ya yi dare 3 a cikinsa a 2021. A 2012 kuwa guragu ne da kansu ke tsakiyar fili ana kallonsu, lokacin da aka yi gasar ƙwallon kwando ta keken guragu a wasannin naƙasassu na duniya, mazan Kanada da matan Jamus suka ci.

Maganar isa ƙofa ba za mu daɗe a kanta ba, don ita ce mafi sauƙi. Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke gindin gidan an buɗe ta a 1999, mai keke yana iya fita daga jirgi har titi ba tare da ya gamu da matakala ba. Wanda ya zo da mota, in yana da shuɗiyar takardar shaida da hukuma ke ba naƙasassu, akwai wurin ajiye mota da aka keɓe masa. A ciki akwai lif, watau ɗan ɗakin nan mai hawa da sauka da mutane da ƙarfin lantarki. Inda aka yi gangare maimakon matakala, ƙa'idar gini a Ingila ba ta yarda ya fi tsayin ƙafa 1 a cikin tsawon ƙafa 12 ba, wannan ma sai ga gajeren gangare. Wanda bai taɓa tura keke da damtsensa ba zai ga kamar ƙa'idar ta yi tsanani. Wanda ya taɓa, ya san ko wannan ma hawa ne.

Inda aikin yake shi ne wurin zama. Mutumin da ke kan keke idonsa bai cika kai ƙafa 4 daga ƙasa ba, namiji tsayayye kuwa kansa ya haura ƙafa 5 da rabi. Maginan da can sukan cire kujeru kaɗan a wani layi su ce ga wurin guragu, suna auna gani bisa cewa kowa yana zaune. Alhali kuwa a gidan waƙa ko na dambe ba a zama a daidai lokacin da kallo ya fi daɗi. Da an kai naushi, ko an ɗauko amshin da kowa ya sani, sai a tashi. Watau gurgu yana ganin wasa lokacin da ba abin gani, yana rasa shi lokacin da ya biya kuɗi dominsa.

A Amurka aka fara kai wannan magana gaban alƙali da ƙarfi. Suna da dokar kare naƙasassu tun 1990. A 1996, ana cikin gina wani babban zauren wasa a Washinton, ƙungiyar tsofaffin sojoji masu shanyewar jiki ta shigar da ƙara tun ginin bai ƙare ba, ta ce wuraren da aka zana wa masu keke ba za a ga fili daga cikinsu ba in na gaba suka miƙe. Kotu ta ce lalle ne a gyara, yawancin wuraren su zama ana gani daga cikinsu ko da jama'a na tsaye, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da haka a 1997. Dabarar sojojin nan ita ce abin lura: ba su jira an zuba kankare ba, don gyaran zane a takarda kuɗinsa kaɗan ne, rushe bene kuwa ba mai yarda.

Maganin da aka samu shi ne dakali. A O2 da ire-irensa akan gina dakalai masu faɗi a cikin rukunin kujeru, a ɗaga su sama da layin da ke gabansu yadda ko ƙato ya miƙe kansa ba zai tare ido ba, a sa kujerar abokin tafiya a gefen kowane keke. Amma fa dakali ɗaya yana cin wurin kujeru masu yawa da da an sayar. Saboda haka ne masu gida ba su cika yinsa da son ransu ba sai an ƙayyade musu adadi. Littafin jagora da aka fitar a Ingila a 2003 don filayen wasanni ya ce fili mai kujera 20,000 ya ba masu keke wuri 150, mai 40,000 ya ba su 210, daga nan a ƙara 2 bisa kowace kujera 1,000. Da wannan lissafi ne filin Wembili mai cin mutum 90,000 yake da wuri 310. Ƙa'idar Amurka ta 2010 ta fi haka tsuke hannu, gama a gida mai kujera 20,000 wuri 111 take nema. Ko wanne ka ɗauka, bai kai 1 cikin 100 ba.

Sai maganar ɗan rakiya. Wanda ba ya iya zuwa sai da mai taimakonsa, in aka ce su biya tikiti biyu, to, an sa shi biyan ninki a kan kallo ɗaya. Don haka manyan gidajen wasa na Ingila, har da O2, suna ba mai rakiya tikiti kyauta. Wannan ba sadaka ba ce. Dokar 1995 da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, da dokar daidaito ta 2010 da ta maye gurbinta, sun ɗora wa duk mai sayar wa jama'a wani abu nauyin yin gyara gwargwadon abin da hankali zai ɗauka, kuma ya yi shi tun kafin mai bukata ya zo ya roƙa. Da can kowane gida sai ya ce a kawo takardar likita, mutum ya yi ta bayyana ciwonsa ga baƙi ta waya duk lokacin da zai sayi tikiti. Yanzu akwai katin shaida da wata ƙungiya mai suna Nimbus ke bayarwa. Ba a rubuta cutar mutum a kai ba, sai alamomin abin da yake bukata: wannan ba ya iya dogon tsayuwa a layi, wannan yana tafe da kare, wannan sai da mutum ɗaya tare da shi. A ganinmu wannan ɗan kati ya fi wasu manyan gine-gine daraja, don ya rufa wa mutum asiri.

Mai karatu zai ce, to, kurma fa, me ya kai shi gidan waƙa? Ai kuwa suna zuwa. Kurma yana jin dukan ganga a ƙirjinsa, yana ganin rawa da fitilu, abin da ya rage masa shi ne kalmomin waƙa, su kuwa tafinta ne mai maganar hannu ke tsayawa inda haske yake ya juya masa su, yana kaɗa jiki tare da kiɗan. Aiki ne mai wuya, sai an ba tafintan jerin waƙoƙi tun da wuri ya yi nazari, shi ya sa ake neman a sanar da gida kafin ranar wasa. A 2017 waɗansu mata uku kurame suka sayi tikitin kai 'ya'yansu mata kallon mawaƙan Little Mix a wani fili a lardin Sasiks. Suka nemi tafinta, masu shirya wasa suka ce ga tikitin ɗan rakiya, su zo da nasu. Sai da magana ta doshi kotu aka kawo tafinta, shi ma na manyan mawaƙan kaɗai, waɗanda suka fara buɗe fage ba a fassara musu kome ba. Matan ba su haƙura ba. Shekara 4 ana shari'a, a 2021 alƙali ya ce an nuna musu bambanci, gama kuɗin wasan duka suka biya, ba na rabinsa ba.

Akwai kuma abin da ake jin nauyin faɗa, amma shi ne ke hana mutane da yawa fita daga gida, watau makewayi. Makewayin guragu na kullum ya ishi wanda ke iya tashi daga keke da ƙarfin hannunsa. Babban mutum da ba ya iya motsi sam, da can sai iyayensa su shimfiɗa shi a ƙasan ban ɗaki su gyara shi, ko kuwa ya ƙi shan ruwa tun safe don kada bukata ta kama shi. Tun 2006 aka fara fafutukar wani irin makewayi mai faɗin mita 12 murabba'i, da gadon da ke hawa da sauka, da ƙugiya a rufi mai ɗaga mutum daga keke, da filin da masu taimako biyu za su tsaya. Daga 2021 ya zama tilas a sababbin manyan gine-ginen taro a Ingila.

Makaho yana shiga da karen jagoransa, ba a hana shi. Masu na'urar ji a kunne akan tanadar musu hanyar da sauti zai zo musu kai tsaye ba tare da hayaniyar taro ba. Yaran da ƙara da walƙiyar fitila ke firgita su, waɗansu filaye sun fara gina musu ɗaki mai shiru da tagar gilashi, kulob ɗin Sandalan ne ya fara a 2015.

Kada dai a ɗauka an gama. Wata mata mai tafiya a keken guragu, Suzanne Bull, ta kafa ƙungiyar Attitude is Everything a 2000, aikinta aika naƙasassu gidajen wasa kamar 'yan kallo su dawo su faɗi abin da suka tarar. A rahotonta na 2018, cikin mutum 349 da aka tambaya, 82 cikin 100 sun ce sun sha wahala wajen sayen tikiti. Dalili kuwa a fili yake. Mai ƙafa yana saye ta intanet cikin minti biyu, gurgu kuwa a gidaje da yawa sai ya buga wata lambar waya ta musamman ya yi ta jira, kafin a ɗauka 'yan wuraren sun ƙare. An rage wannan da zuwan katin shaida, amma ƙarancin wuri yana nan. Ga kuma raba iyali: dakali kujerar abokin tafiya ɗaya yakan bayar, uba gurgu da ya zo da matarsa da 'ya'ya uku sai a zaunar da sauran can nesa da shi. Kuma in tikitin tsayuwa a gaban dandamali ne ya fi armashi, inda matasa ke cincirindo, mai keke ba ya samunsa, daga gefe yake hange.

Fita ma tana da nata nauyi. In gobara ta tashi ba a shiga lif na kullum, mutum 20,000 kuwa duk matakala za su nufa. Dokar gobara ta 2005 ta ɗora wa mai gida nauyin fitar da kowa, ba ta bar shi ga 'yan kwana-kwana ba. Saboda haka akan keɓe wani lungu mai ƙofar da ke jure wuta inda mai keke zai dakata, a ajiye wata kujera mai santsi da ake gangaro da mutum kan matakala da ita, a horar da ma'aikata yadda za su riƙe ta. Kujerar nan ba ta da amfani in mai gadin da ke aiki a daren bai taɓa buɗe ta ba.

Ƙasarmu ma tana da doka irin wannan. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a watan Janairu 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 5 su gyara hanyoyinsu, aka kuma kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa a 2020. Wa'adin shekara 5 ɗin ya cika a Janairu 2024. Duk wanda ke zuwa filin ƙwallo ko gidan dambe ko zauren biki a garinsu, ranar da ya koma ya duba ta ina mai keke ke shiga, a ina ake ajiye shi, me kuma yake gani in jama'a suka miƙe.